Ya Kaka, Mai Juya Ganye a Bakin Kwari

Kafin rana ta yi zafi, Ya Kaka ta riga ta zauna gindin gorubar da ke bakin hanyar gangarawa kwarinmu, gabas da Gure. Ba ta sayar da komai. Aikinta ɗaya ne: duk ganyen da zai shiga lambunanmu sai ya bi ta hannunta. Mai jaki ya tsaya, mai kwando ta sauke. Ta ɗauki ganye, ta juya bayansa, ta kai shi kusa da ido.

Ni ba na iya magana cikin taro, shi ya sa na rubuta, don a karanta wa mutanen kwaruruka ranar kasuwa.

Wanda ya ga shekarar fara ya san abin da muke tsoro. Gero ya tafi a tsaye, muka koma sussukar ƙarangiya. Daga baya aka ce mu shuka rogo, tunda fara ba ta tona ƙasa. Yau rogon nan shi ne rumbunmu. In ya mutu, ba mu da wani.

Abin da ke kashe shi bai kai ƙwayar gero ba. Farin ƙuda ne, kamar toka, yana maƙalewa a bayan ganye. Mu duk ɗaya muke ganinsu. Ya Kaka ce ta raba mana su. Namu na gida yana baje fukafukai kamar faifai, ya tsotsa, ya bar danƙo, shi ke nan. Baƙon kuwa yana ɗaga nasa kamar jinkar ɗaki. Inda ya sauka sai ganye ya nannaɗe, ya yi ɗigon rawaya, saiwa ta fito sirara kamar yatsa.

"Kamarsu ɗaya, amma ba uwarsu ɗaya ba," in ji ta. "Mugun, ɗansa mugu, jikansa mugu. Kuma sandar da aka yanko daga rogo mai ciwo, da ciwon take tsirowa."

Ita ce kuma ta lura cewa tuddan rairayi sun fi ƙarfin fukafukinsa, sai fa in iska ta jefo shi. Mu ne muke ɗauko shi. Muna rufe kwandon kasuwa da ɗanyen ganye don kada kaya su yi yaushi, muna kai wa dangi sandunan rogo tsaraba.

Ba kowa ya ji daɗin tsayawa ba. Garbai mai jaki yakan ce, "Ya Kaka, leƙa kunnen jakin ma, ko ya ɓoye guda."

"Na jakin lafiya lau, naka ne ya toshe. Sauke!"

Abin da na gani da idona, ina dawowa daga rijiya, shi ya sa ni wannan rubutu. Ɗiyarta Kaltumi, da ke aure wajen Gidigir, ta zo gida wankan jego. Uban mijinta, Malam Umara, ya rako ta da kansa, da ƙunshin sandunan rogon lambunsa, ganyensu shar, kyauta ga surukarsa. Kowa ya san kunyar da ke tsakanin surukai. Ko ido ba sa haɗawa.

Ya Kaka ta miƙa hannu ta juya ganye. Baƙon ƙudan na nan maƙale a bayansa.

Kaltumi ta yi ƙasa da murya. "Inna, kayan Baba ne fa."

"Na sani."

Malam Umara ya kau da fuska, ya ce wa Garbai, "A gaya mata ban taɓa kai kyauta aka bincike ta ba."

Ya Kaka ma idonta na ƙasa. Ta ce wa Garbai, "A gaya masa kyautarsa ta iso zuciyata. Amma ba za ta sauka kwarin nan ba."

Ta hau tudu da ƙunshin, ta cinna masa wuta. Malam Umara ya juya bai ko sha ruwa ba. Kaltumi ta gama wanka, ba wanda ya zo ɗaukarta. Har yau tana ɗakin uwarta, yaron ya fara tafiya.

Da labari ya zo cewa rogon wajen su Malam Umara ya nannaɗe, ban ji ta ce ai ta faɗa ba. Ta yanko lafiyayyun sanduna daga nata, ta zage ganyen, ta ba Garbai ya kai. An karɓa. Ko gaisuwa ba a aiko ba.

Ya Kaka, ke ce ƙyauren kwarinmu. Kin zauna kina kallon ɗiyarki na ramewa don mu ci. Mun ci kuwa, wasunmu har suna gulmarki da bakin da suka tauna rogon.

Ga abin da ya fi ba ni tsoro. Kasuwar da ta wuce ta kira ni, ta miƙo mini wani ganye da ta cire daga kwandon wata baƙuwa.

"Ɗiyata, duba mini. Fukafukan ƙudan, a kwance suke ko a tsaye?"

Sai na ga farin da ya soma rufe mata ido. Ban san tun yaushe take ɓoye shi ba. Na duba. A tsaye suke.

Mun gode, Ya Kaka. Allah ya saka miki, ya mayar da Kaltumi ɗakinta da mutunci.

Ku kuma 'yan uwana, ku rufe kwandunanku da tabarma, ku zage ganyen sanda kafin ku ba da ita, kada ku ji haushi in an duba tsarabarku. Ku zo gindin goruba ku koya tun tana iya nuna mana. Baƙon ya iso bakin kwari, kuma idon da ya san shi yana rufewa.