Kunnen Alvise Mai Gondola

Alvise Zennaro gadon tuƙin gondola, dogon jirgin ruwan yawo da baƙi, ya yi, daga ubansa, uban kuma daga nasa uban, don haka ba wanda ya taɓa tambayarsa ko yana so. Tun gemu bai fito masa ba aka miƙa masa filafili, aka tsayar da shi a gindin jirgi, ya kama kai baƙi ganin gari. Yanzu ya haye sittin, furfura ta cika ƙarƙashin malfa, amma ƙafarsa ba ta taɓa zamewa ba. Ya san birnin Venis kamar yunwar cikinsa. Ya san gadar da sai an sunkuya in ruwa ya cika, ya san bangon da ake tokara da ƙafa a juya jirgi, har tagar da ake watso ruwan wanki ba a dubawa ya sani.

Baƙi babban ruwa suke so, inda manyan gidaje ke jere suna ɗaukar hoto. Amma gwanin matuƙi a lungu ake gane shi. Lungunan ruwa matsattsu ne, bango dama bango hagu, jirgi kuma dogo, hancinsa na shiga kwana tun matuƙi yana can baya bai ga komai ba. Shi ya sa ake kira. Kafin ka sa hanci sai ka ɗaga murya ka ce "Oe!", sannan ka kasa kunne. In an amsa, ka dakata ko ka raɓa. In shiru, hanya taka ce. Rabin aikin kira ne, rabi saurare.

Rabi na biyun ne ya fara guje wa Alvise.

Kunnen hagu ya riga tafiya, bai gaya wa kowa ba, sai ya koyi karkata kai. Da na dama ya fara zuga kamar an rufe ƙudan zuma a kwalba, sai tsoro ya shige shi ya zauna. Kowace kwana ta zama masa ramin da ba a ganin ƙasansa. In ya doso ta, sai ya rage gudu. Ya koma aiki da ido: yana duban ruwan gindin bango ko yana rawa, alamar wani jirgi na turo shi, yana duban tattabaru ko sun tashi. Kiransa kuma ya ƙara ƙarfi, har 'yan tasharsu suka sa masa suna Ƙararrawa.

Matarsa Ornella ba a ɓoye mata abu. Wata rana yana cin tuwon masara da kifi, ta tsaya a bayansa ta yi magana. Bai ɗago ba. Ta zagayo ta tsaya a gabansa, hannu a ƙugu.

"Na ce maka zan gudu da mai kifin kasuwa, ka ci gaba da tauna."

"Ki gaishe shi. Ki ce ya rage ƙaya."

"Maigida, ba wasa nake ba. Kunnenka ya mutu."

"Ke ce ba ki buɗe baki in kina magana."

"Ni? Ni da maƙwabta ke rufe taga saboda muryata? Ran da ka nutsar da 'yar wani, sai ka gaya wa alƙali ita ma ba ta buɗe baki ba."

Ya ture kwano ya fita. Ya san gaskiya ta faɗa, abin da ya fi ba shi haushi ke nan.

Abin da yake gudu shi ne fito. A tasharsu, matuƙin da ƙarfinsa ya ja baya can ake mayar da shi, bakin kasuwar kifi, su biyu a jirgi ɗaya suna ƙetarar da mutanen gari daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ba kujerar ƙawa, ba waƙa, ba mai ɗaukar hotonka. Tsofaffin mata ne da jakar cefane, a tsaye, suna mita. Alvise da bakinsa ya sa wa wurin suna makabartar matuƙa, tun ran da ciwon baya ya kai amininsa Nane Busetto can. Duk safiya in ya wuce sai ya cire malfa ya ce, "Allah ya jiƙan maza!" Nane kuwa ya amsa, "Na gyara maka wuri kusa da ni, tsohon banza."

Da sanyi ya fara shigowa, wata safiya hazo ya taso daga teku ya kwanta a kan ruwa. Alvise na shan kofi a tsaye ya ga ko gaɓar can ba a gani sosai. Ido ne kaɗai ya rage masa, ga shi yau an karɓe rabi. Ya so ya ce jikinsa ba daɗi, amma layi ya zo kansa, ga baƙi biyu sun riga sun tsaya, wani dattijo da matarsa daga ƙasashen arewa. Mutumin ya nuna da hannu cewa lungu suke so, ba babban ruwa ba.

Tun daga gada ta farko matar ta saki hannunta waje, tana jan yatsu a ruwa.

"Uwargida, hannu ciki," in ji Alvise, yana nuna mata.

Ta yi dariya ta janye. Ba a jima ba hannun ya sake komawa. Baƙi duk haka suke, sun ɗauka garin wurin wasa ne da aka gina dominsu.

Ya sha kwana sau biyu lafiya, rigarsa ta manne a baya duk da sanyi. Yana nuna musu coci da tsohon gidan attajirai, bakinsa na faɗin abin da ya saba, hankalinsa kuwa na gaba, wurin Kwanar Marina. Ita ce mafi matsi, kuma ta nan jiragen injin masu kai kaya otal-otal ke yanke hanya.

Ya iso. Ya cika ƙirji ya ƙwala, "Oe!" Ya karkata kunnen dama. Zuga kawai. Ya dubi gindin bango, hazo ya shafe ruwan, ba a gane ko rawa yake ko kwance. Ya sake kira. Shiru, irin shirunsa na kullum, wanda ba ya nufin komai. Ba dama ya tsaya nan har abada, bayansa wani jirgin na tafe. Ya danna filafili, hanci ya fara shiga.

Sai ya ga kan matar ya ɗago ya juya hagu, kamar wadda aka kira. Mijin ma ya juya can.

Alvise bai tsaya tunani ba. Ya kafa filafili ya ja baya da duk nauyinsa, har ƙashin bayansa ya amsa, ya daka tsawa, "Hannu!" Matar ta firgita ta fizge hannunta. Nan take hancin jirgin kaya ya ɓullo daga hazo, shaƙe da buhunan zannuwan gado, ya gogi gefen gondola daidai inda yatsunta suke, ya kankare baƙin fenti har katako ya fito fari.

Mai jirgin, Gildo, ɗan unguwarsu ne. Fuskarsa ta yi ja, bakinsa na buɗewa yana rufewa. Sai da ya matso dab Alvise ya tsinci maganar.

"Baba Alvise, na amsa maka! Na amsa, na busa ƙaho! Me kake so in yi, in harba bindiga?"

Alvise ya juya ya dubi baƙinsa. Baƙin nan kuwa dariya suke, mijin har hoto ya ɗauka, sun ɗauka yana cikin abin da aka shirya musu. Matar na ta kallon farin tabon, ba ta haɗa shi da yatsunta ba. Alvise kuwa ya haɗa. Ya mayar da su tasha a hankali, ya riƙe mata hannun nan ya fitar da ita. Ɗumi gare shi, da zobe.

Bai jira Gildo ya kai labari ba. Ya lulluɓe jirginsa, ya sami shugaban tasha ya faɗa masa da bakinsa cewa kunnensa ya mutu, a mayar da shi fito. Daga nan ya taka zuwa kasuwar kifi.

Nane na ganinsa a ƙasa da rana tsaka ya gane. Ya cire malfa ya dafa ƙirji.

"Allah ya jiƙan maza."

"Ɗaga murya, ba na ji."

"Na ce gaba za ka tsaya, ni baya! Nan ba shan kwana, ko kurman dutse ya iya!"

Ornella ta ja shi wurin likita, aka ba shi abin saƙalawa a kunne. Yana jin sauti da shi, amma ba ya gane ta inda ya fito, a kan ruwa kuma iska ke sa abin ya yi ta ƙara, don haka lungu ya haramta gare shi. A coci yake sa shi, da kuma ran da yake son zaman lafiya a gida.

Yana nan a fito har yau. Bai ji daɗi ba, kuma ba ya yin kamar ya ji. Sai dai tsoron lungu ya sake shi, tuwo ya koma zama masa a ciki. In jirgi ya cika, ba ya turawa sai ya bi gefe da ido ya ga hannun kowa a ciki, har na tsofaffin da aka haifa a kan ruwan nan, su kuwa su yi ta zaginsa. Ba ya jin ko ɗaya.