Shanun Baffa Buba da Rajistar da Ta Tsinke

Har yau ranar nan ba ta fita raina ba, kuma ku da kuka fara aiki bana gara ku ji ta daga bakina. Lokacin ina ƙaramin ma'aikacin lafiyar dabbobi kusa da Illo. An gama yankan shinkafa, makiyaya suna haramar tsallakawa Benin neman ciyawa. Aikina in yi wa garke rigakafi, in shigar da shi a kwamfutar hannu. Manhajar tana jera abin da na shigar a rajista, layi bayan layi, da la'asar ta aika ofishinmu na Birnin Kebbi. Sai sun gani can ake buga wa makiyayi takardar da zai nuna a iyaka.

A kowane layi akwai gurbin ƙarin bayani. Ranar horo, Injiniya Rabi mai kula da manhajar ta ce layi yana da iyakar abin da zai ɗauka, kada mu wuce 'yan kalmomi. Ina wurin, amma hankalina yana kan taga.

Da hantsi Baffa Buba ya iso daga wajen Kurgu. Dattijo ne wanda ba ya ƙirga shanunsa, sai dai ya kira su. Na tambaye shi adadi, ya jingina da sandarsa ya fara: wannan Wule ce, 'yar Saige, wadda uwarta ta ƙetare kogi da iyo tana da ciki shekarar babban ruwa. Tururi yana tashi a kan kogin da ke gefenmu, shanun suna ɗago kai ɗaya bayan ɗaya kamar ana kiran sunaye a makaranta. Muryarsa ta tafi da ni. Na ga abin ya fi ƙarfin a bar shi ya bi iska, na shiga rubutawa a gurbin nan, uwa da 'ya da jika. Wani gargaɗi ya fito a allon, na danna ya wuce ban karanta ba.

Da la'asar rajista ta ƙi tafiya. Raina ya ba ni dalili, amma da shugabana Malam Garba ya kira, na ce sabis ɗin Benin ne ke hawa kan namu. Abu ne da ke faruwa a nan, sai ya yarda. Kwana uku ina danna aikawa, ina maimaita masa ƙaryar. Kullum Baffa Buba yana zuwa ya tsaya bakin rumfar da nake aiki.

"Likita, na'urar taka ta cinye mini shanu ne? In ta ƙoshi ta bar mini ko maraƙi."

Sai in yi dariya in ce gobe. 'Yan uwansa da suka yi rigakafi a wata tasha suka karɓi takardunsu suka wuce. Shi ya zauna a gonakin da dabbobi suka riga suka share.

Rana ta huɗu Injiniya Rabi ta zo da kanta, tare da Malam Garba. Ta buɗe rajistar, ta karanta rubutuna a fili, a gaban Malam Garba, har inda ya yanke a tsakiyar sunan wata saniya. Ta ce manhajar ta datse layin ba ta rufe shi ba, layin da ya biyo ya manne masa, daga nan komai ya cakuɗe. Lambar maganin da na yi wa garken tana cikin abin da aka datse, kuma ban rubuta ta a takarda ba.

"Da ka faɗa ranar farko, da Malam Garba ya zo ya shaida tun kwalaben maganin suna hannunka," in ji ta.

Na riga na ƙone kwalaben. Sai da aka ɗebi jinin shanun aka kai gwaji. Kafin takarda ta fito, wata tsohuwar saniya da yunwa ta ci ta yi ɓari.

Ni na kai masa takardar, na faɗa masa duk abin da na yi. Ya kalli ƙetaren kogi, ya ce:

"Rubutun ba laifi ba ne, ɗana, ni na cika surutu. Amma da ka ce mini mako zan yi, da na koma fadamar Geza."

Ya naɗe takardar cikin hularsa, ya kora garkensa shi kaɗai.

Na'ura tana da iyaka, kuma ba kullum take ihu idan an wuce ta ba. Wannan cikin awa ɗaya za ku koya. Abin da ya ɗauke ni lokaci shi ne gane cewa mutumin da ke tsaye bakin rumfa yana tsara tafiyarsa ne a kan maganarka. Idan rajista ta ƙi tafiya, ku kira ofis a ranar, sannan ku fita ku gaya masa gaskiya, tun yana da inda zai kai dabbobinsa.