Gwiwar da Salama Ta Hana a Cike

Salama ba ta taɓa yankan ciyawar jema ta tafi haka nan ba. In ta gama yankan abin da za ta saƙa faifai da shi, sai ta ɓantari ɗan tushe, ta matsa gaba kaɗan a bakin rafi, ta dasa, ta danne da diddige. Tun tana amarya a garinmu take yin haka har ta yi furfura.

Garinmu yana tsakanin Kura da Bunkure. Rafin kuma Kunkuru ake ce masa, don ba ya sauri. A da yana tafe yana lanƙwasa, ya yi gwiwa nan, ya yi gwiwa can. In an yi ruwa mai yawa sai ya bazu a fadama ya huta kafin ya wuce. Gonar mijinta, marigayi Kawu, tana cikin gwiwa ta ƙarshe kafin a shiga Unguwar Kwari. Dangin Kawu masu riƙe da al'adar kakanni ne, kuma a gidansu ba a noma har bakin ruwa. Ana bar wa rafi rabonsa.

Da tumatir da shinkafa suka kawo albarka, gari ya cika ya batse. Aka kawo katafila ta yanka wa rafin miƙaƙƙiyar hanya, aka shafe ta da siminti, aka cike gwiwoyin aka yanka filaye. Ta Salama ce kaɗai ta rage, don ta ƙi sayarwa. Sai aka yi jingar ƙasa aka toshe bakin gwiwar, ruwa ya daina shiga. Mai unguwa Hambali ya yi ta zarya gidanta yana lallashi, wai ta saki wurin a ƙarasa aiki. Kullum takan ba shi ruwa ya sha, ta ci gaba da saƙarta.

Daga shekarar nan Kunkuru ya koyi gudu. Duk ruwan da aka yi a sama sai ya taho a miƙe ya faɗa Unguwar Kwari. Katangu suka riƙa zubewa, mata suna kwashe ruwa daga ɗaka da ƙwarya. Masu magana a dandali suka ce siminti ne bai isa ba.

Wata ranar Laraba cikin marka, bayan la'asar, aka tsuge da ruwa. A lokacin shinkafar Salama ta yi ciki, ita ce kuma abincinta na shekara. Waɗanda suka fake a rumfar mai faci sun gan ta ta wuce da fartanya a kafaɗa, ko buhu ba ta yafa ba. Ta hau jingar ta sare ta. Ruwan ya karkata ya shiga gonarta, ya zauna a kan shinkafar har ta ruɓe. A Kwari kuwa ranar ruwa bai wuce dokin ƙofa ba.

Washegari aka kira ta gaban dagaci, wai ta ɓarnata aikin jama'a. Ta durƙusa ta yi gaisuwa yadda ya kamata. Dagaci ya tambaye ta ko ita ta sare jingar, ta ce ita ce. Ya ce me ya sa.

"Ranka ya daɗe, baƙo ne kuka hana masauki. Dole ya nemi ɗakin wani. Ni na ba shi nawa."

Hambali ya ce, "Gwaggo, za mu sake ginawa fa."

"Ku gina, ɗan nan. Fartanyata ba aro ba ce."

Haka aka yi ta yi. Da rani su ɗaga jinga, da damina ta sare. Ta daina shuka shinkafa a gwiwar, ta cika gefenta da jema, wadda saiwarta ke riƙe ƙasa. Samari suka sa mata suna Uwar Kwaɗi. Wani ya taɓa faɗa mata a kasuwa, ta ce masa gara kwaɗin su yi kuka a gonarta da su yi a ƙarƙashin gadon gyatumarsa. Bai sake ba.

A wata shekara rani ya zo ya wuce ba a taɓa jingar ba. Hambali ya ce ma'aikata ne suka yi wuya. Gidansa dai a Kwari yake, kusa da masallaci.

Da a nan ta tsaya da an zauna lafiya. Amma gwiwa ɗaya ba ta ɗauke ruwan babbar damina, ta kuma san haka. Tana da wata gona a bakin kanal ɗin noman rani, wadda ake nomawa rani da damina, irin wadda ba a rabuwa da ita. Ta ba Nafi'u mai tireda gonar, ta karɓi filinsa, wato gwiwar da ke sama da tata, wadda aka cike da ɓaraguzai. Ɗanta Bilya ya daɗe ba ya cin tuwon ɗakinta saboda musayar nan. Ba ta ba shi haƙuri ba. Ta ce ƙasar uban nasa ce, kuma uban nasa bai taɓa yin rowa da rafi ba.

Ta shiga haƙa ita kaɗai, da fartanya da kwano. Tana fitar da bulo da leda da tsumma, tana bin tsohuwar hanyar ruwan inda ƙasa ta fi baƙi. Rani biyu tana yi. A bazarar nan ta kwanta, ba ta tashi ba. Allah ya jiƙanta.

Yanzu gwiwoyin biyu na Bilya ne. Masu son fili sun je yi masa ta'aziyya, wasu har sun koma. Bai ce musu e ba, bai ce a'a ba.

Ramin yana nan, ya kai kamar rabi. A gindin kanyar da ke bakinsa akwai tsohon baho cike da tushen jema da ta tara za ta dasa. Zafin bana ya ƙone komai a wajen, amma jemar nan kore take, ƙasar bahon kuma da danshi. Ban tambayi kowa wanda ke ba ta ruwa ba. Hadari ya fara haɗuwa a gabas.