Sista Riƙe-shi da Numfashin Ladan

Kowace safiya, kafin a buɗe ɗakin masu ciwon ƙirji, Sista Riƙe-shi takan bi tagogi da benci da jiƙaƙƙen tsumma, domin ba ta yarda tsintsiya ta tayar da ƙura a inda masu asma za su zauna. Sannan ta ajiye buta da roba kusa da teburinta, ta rataya fankon maganin shaƙa a wuya. Da shi take koyarwa: "Fitar da iska. Ja a hankali. Riƙe shi." Daga nan sunan ya bi ta, har na yankan ya ɓace a bakin mutane. Makon jiya ta yi ritaya.

Ba a cika tunawa da masu ƙaramar asma ba, saboda da ƙafarsu suke zuwa, da ƙafarsu suke komawa. Su ne suka fi damun Sista. Takan ce kowa ya zo da magungunansa duka biyu, kuma kusan kullum abu ɗaya take gani: shuɗin, mai buɗe ƙirji nan take, ya koɗe don amfani, ɗayan kuwa, mai kwantar da kumburin ciki, ko ledarsa ba a ɓare ba.

Haka ladanin masallacin bayan asibiti ya zo mata. Numfashinsa ya fara yankewa a tsakiyar kiran salla, unguwa duka tana jin tarinsa ta lasifika, har dattawa sun soma shawarar miƙa aikin ga wani.

"Malam, wannan na ajiyar gado ne?" in ji ta, tana juya maganin kumburinsa da bai taɓa ba a hannu.

"Sista, ai shi ba ya komai. Na shaƙa, ban ji ko ɗar ba."

"Shi ba mai surutu ba ne. Wa ke kaɗe muku dardumai?"

Ya ɗan sunkuyar da kai. "Ni ne. Ladan ai da lada."

"To a bar wa matasa su ma su samu. In ya zama dole, ka sa takunkumi."

Ba ta yi masa faɗa ba, don ta san mutum abin da ya ji yana masa aiki yake ɗauka. Ta raka shi wurin likita, ta bayyana abin da ta gani. Bayan an auna shi, likita ya rubuta masa wanda ya haɗa magungunan biyu a bututu ɗaya, ta yadda duk lokacin da ya nemi sauƙi, maganin kumburin ma ya shiga. Ta sa ya gwada a gabanta har hannunsa ya saba, sannan ta miƙa masa buta: "Kurkure baki, kada muryar ta dushe, mu gyara nan mu ɓata can."

Ke ce, Sista, wadda ba ki taɓa raina ciwo don mai shi yana tafe da ƙafarsa ba. Ke ce mai haƙurin maimaita abu ɗaya ga mutum ɗari, kowanne kamar shi ne na farko. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Masu tasowa a wannan aiki, kafin ku miƙa magani, ku duba wanda mutum ya zo da shi, ku tambaye shi aikin da yake yi.

Ranar bankwana, ana tsakiyar jawabi aka fara kiran la'asar. Sista ta ɗaga hannu, ɗakin ya yi tsit. Muryar ladanin ta tashi, ta miƙe, ta sauka inda ya kamata, ba tari ba yankewa. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta sauke hannun, ta dubi ma'aikaciyar da za ta gaje ta.

"In ya zo, ki tambaye shi ko yana kurkure baki."