Tsinken Awon Ƙafa

A gidanmu ba a kai yaro kasuwa don a saya masa takalmi. Tsinken tsintsiya ake zarowa, a tsayar da yaro, a auna daga dunduniya zuwa babban yatsa, a karya, a ba mai tafiya. Haka aka yi mana, haka nake yi wa 'yata ta fari. Babanta direban babbar mota ne, yana kai hatsi daga Jibiya zuwa Maraɗi, kuma shi a wurinsa duk takalmin da bai tsallako iyaka ba tarkace ne.

Shekarar da ta shiga aji biyu, dab da ƙaramar Sallah, ya zo mata da wasu jajaye masu rufaffen baki da maɗauri. Ban ba shi awo ba a wannan karon, na ɗauka da kansa ya auna ta. Yarinya kamar ta yi hauka don murna. Da su take zuwa makaranta, da su take zuwa Islamiyya, ko aiken gishiri aka yi mata sai ta tsaya ta ɗaura su.

Bayan Sallah da 'yan makonni ta fara ɗingishi. Na duba tafin ƙafa ko ƙaya ce, babu. Na matsa gwiwa, na matsa cinya. Na tambaye ta ina ke ciwo, ta ce ƙafar ce duka. Sai kuma ɗan zazzaɓi ya biyo baya, nan ne hankalina ya tashi.

Ina da dalili. Ina yarinya ƙanena ya kwanta da zazzaɓi, yaron da ba mai iya kamo shi a guje, ya tashi da rarrafe. Shan inna. Har yau a keken guragu yake, yana sayar da goro a bakin tasha. 'Yata an ɗiga mata rigakafi, na sani sarai, amma tsoro bai san da wannan ba. Idan ta ratsa tsakar gida tana jan ƙafa, ƙanena nake gani.

Na kira babanta, yana layin duwan, wato kwastan, a iyakar Ɗan Isa. Ina kuka na ce, "Ɗiyarka hwa ƙahwa ta ƙi." Ya bar mota a layi ya hau babur. A asibiti ya same mu, ido jajir.

Ma'aikaciyar jinyar wata dattijuwa ce marar gaggawa, abin da ya ƙara ƙona mini rai a lokacin. Ta ce a cire wa yarinya takalmi. 'Yata ta maƙale ƙafafu a ƙarƙashin benci, sai da babanta ya lallashe ta. Matar ta tara tafin hannunta ta ce, "Ture ni da ƙahwa, ɗiyata, da ƙarhi." Ta ture ta har sai da kujera ta motsa. Sannan ta taɓa babban yatsa, yarinya ta tsandara ihu.

Farce ne ya shige cikin nama har ya tara ruwa. Lallen Sallah ya rine yatsun baƙi ƙirin, ya rufe kumburin, shi ya sa na yi ta kallon wurin ban gani ba.

"Maman yara, kwantar da hankalinki," in ji ta. "Wagga ƙahwa lahiya lau take. Takalmi ne ya yi mata kaɗan."

Na zauna daɓas a ƙasa ina dariya ina hawaye, ban damu da masu kallo ba. Ban taɓa jin daɗin wata magana kamar wannan ba.

Shi kuwa gogan sai ya ce ba zai yiwu ba, ai da awo ya saya. Ya laluba aljihu ya zaro tsinke, ya yi baƙi don tsufa. Ashe wanda na ba shi ne tun kafin ta shiga makaranta. Ya adana shi, duk tafiya yana aljihunsa. Aka ɗora a gefen ƙafarta, yatsa ya wuce shi da kusan gaɓa guda.

Na ce, "Malam, kai dai hatsi kake aunawa, tiya ba ta girma. Ita wannan mutum ce."

Ya tambayi yarinya mi ya hana ta faɗa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, kai ka sawo mani. In na ce suna cizo na, karɓewa za a yi." Sai ya juya yana kallon bango.

Aka wanke yatsa, aka gyara farcen, aka ce a riƙa yanke shi a miƙe, kada a bi gefe. Tun daga nan duk tafiyar da zai sayo takalmi sai ya durƙusa ya auna da sabon tsinke, ya ƙara faɗin yatsansa a kai. Tsohon kuwa yana nan a motarsa, ya hana ni jefarwa.

Da ta warke na tafi da ita gaida kawunta a tasha. Tana hango kekensa ta cire silifas ta kwasa a guje. Na ɗaga murya zan tsawata mata saboda ƙusa da kwalba, sai ya ɗago mini hannu.

"Yaya, ƙyale ta," ya ce. "Bar ta ta yi gudu in gani."