Andrawus Mai Burtsatse da Kifin Ɗansa

A Tirwun, in ka ambaci Andrawus mai burtsatse, sai ka ga mutane sun taɓe baki. Gajere ne mai faɗin ƙirji, hannunsa kamar taɓarya. Tun yana saurayi ya baro ƙauyensu a wajen Bogoro ya shigo Bauchi, ya kama haƙar rijiya da saka famfo, kuma maganar gaskiya ya iya aikinsa. Ƙa'idarsa biyu ce. Famfo in ya ƙi tashi, a maka masa sifana. In ya mutu, a sa wanda ya fi shi ƙarfi, don ruwan Bauchi a ƙarƙashin dutse yake, ƙaramin famfo ba ya jawo shi.

Da a bakin rijiya yake barin ƙa'idar nan, da an zauna lafiya. Ina! Har gida yake shiga da ita. Matarsa Cecilia ba ta ji da kunnen hagu, mari ɗaya ne a kan miya ta huce. Ɗansu Jesse kuwa, ranar da ya shiga tsakani, uban ya murɗe masa hannu sai da ƙashi ya ce ƙaras. Da ɗorin a hannu ya hau motar Fatakwal, ya yi shekaru uwar kaɗai yake kira.

Sai ga shi bara da damina, har ya tara gemu, ya zo da akwatin gilashi. Ya kafa shi a falo, ya jera duwatsu, ya dama ruwa da wani gishiri na musamman, ya saki kifaye biyu masu launin lemo da farin zane, ko babban yatsa ba su kai ba. Na teku ne, in ji shi. A kusurwa akwai ɗan famfo kamar kwalin ashana, haɗe da batirin sola, yana juya ruwan a hankali.

"Baba, riƙe min su zuwa Kirsimeti," in ji Jesse. "In famfon nan ya tsaya, numfashi zai ƙare musu." Ya koma Fatakwal.

Ba uwar ya bai wa ba, uban ya bai wa. Andrawus ba sakarai ba ne, ya gane. In Jesse ya dawo ya tarar da su da rai, zai zauna a gida. In ba haka ba, shi ke nan.

Ka zo ka ga ƙaton nan a durƙushe yana barbaɗa wa kifi abinci da yatsu biyu! Yana son ɗansa, yana kuma jin kunyarsa, bakin ne kawai bai iya faɗi ba.

Ana saura makonni kaɗan Kirsimeti, da safe famfon ya yi shiru. Kifayen suka taso sama suna buɗe baki. Andrawus ya zaro shi, ya ƙwanƙwasa masa sifana, robar ta tsage. Ya jefa shi a aljihu, ya hau babur sai kasuwa, shagon Mika'ilu mai kayan kiwon tarwaɗa.

Mika'ilu ya juya abin a tafin hannu. "Baba, irin wannan sai an aiko daga Jos, gobe. Yau ka riƙa ɗiban ruwan da kofi kana tsiyayawa, za su kai."

"Ni zan zauna ina wasa da kofi? Miƙo wancan!" Ya nuna famfon da ake cika kwamin tarwaɗa da shi.

"Wannan ai kashe su zai yi, Baba."

"Ni za ka koya wa famfo?"

Kafin Mika'ilu ya rufe baki, an shaƙe masa wuyan riga an buga bayansa da kanta. Buhunan abincin kifi suka zubo. Mari ya sauka, leɓe ya fashe, jini ya ɓata farar riga. Sai da maƙwabta suka taru kafin aka ɓamɓare hannun. Andrawus ya watsa kuɗi a ƙasa, ya rungumi famfon ya fita yana huci.

Cecilia na ganin girman abin ta dafe ƙirji. "Baban Jesse, bari in kira shi mu tambaya."

Kallo ɗaya ya yi mata, ta koma jikin bango.

Ya zura famfon a ruwa, ya jona wuta. Kai, wayyo! Ruwan ya murɗa, yashi ya turnuƙe, duwatsu suka kife. Kifi ɗaya ya bugu da dutse, ya sake buguwa, ɗayan ya manne a bakin famfon, ana zuƙar cikinsa. Wayar wuta ce fa kawai zai zare, ga ta nan gefen ƙafarsa. Amma hannun ya riga kansa tunani. Ya ɗaga sifana ya kai wa famfon duka ta cikin gilashi.

Akwatin ya tarwatse. Ruwan gishiri ya malale falo, gilashi ya yanke shi daga tafin hannu zuwa gwiwar hannu. Ya zube a ƙasa yana lalube cikin tarkacen, ya tsinto kifi guda ɗaya. Kifin ya yi motsi kaɗan a cikin jininsa, ya daina.

Cecilia ce ta zare wayar wutar. Sannan ta kira ɗanta, ta sa a sifika kamar yadda ta saba saboda kunnen.

"Jesse, gilashin ya fashe. Sun mutu."

Andrawus na zaune cikin ruwa, yana jiran a tambayi kifi, ko a zage shi, ko a ce a ba shi wayar. Da an zage shin ma da ya ji daɗi.

Muryar Jesse ta fito a sanyaye, ba ko mamaki a cikinta.

"Mama, ke fa? Bai taɓa ki ba ko? Haɗa kayanki, jibi zan aiko mota."