Hannun Daman Abibata

Abibata 'yar zongon Ashaiman ce, a ƙasar Gana. Ta haura talatin lokacin da mijinta Abdul-Gafar ya ɗauko ta zuwa birnin Greensboro na Amurka, ba a kuma daɗe da zuwanta ba ciwon zuciya ya kayar da shi a wurin aiki, ya rasu. Ba su haihu ba, takardunta ba su kammala ba, Turancinta kuma bai wuce na gaisuwa ba. Da ta fita takaba, yayan mijin, Alhaji Hardi, ya faɗa a gaban jama'a cewa matar ƙanensa ba za ta wulaƙanta ba yana raye. Ya ba ta ɗaki a bayan gidansa da ke unguwar Sedgefield, ya sa ta aiki a shagonsa na kifi.

Abin da ya fi jawo masa masu saye shi ne kilam, wata halittar teku mai ɓawo biyu, wadda ke binne kanta cikin laka a inda ruwa bai da zurfi. Sauran shaguna daga dillalai suke saro ta. Shi Alhaji da kansa yake tuƙa mota zuwa bakin teku, tafiyar rabin yini, da Abibata a kujerar baya tare da bokitai. Idan ruwa ya janye, sai ta shiga laka har gwiwa da manjagara, tana tono tana tsinta, shi kuwa yana cikin mota yana waya. Akwai alluna a wasu wuraren. Ta taɓa tambayarsa me aka rubuta, ya ce na masu jirgin ruwa ne. Daga baya ta gane cewa hani ne: ruwan wurin ya gurɓata, ba a yarda a ɗebi komai ba.

Shekaru ta yi a haka. Ta ƙware har da tafin ƙafa takan ji inda suke kwance. A shago kuma ita ce mai wankewa, ita ce mai buɗewa da wuƙa. Duk sanda ta yi maganar takardu, sai ya ce lauya na kai, ta bar masa.

Wata Asabar da zafi, bayan an sha ruwan sama, fasasshen ɓawo ya yanke ta a tafin hannun dama. Yankan bai kai a kula ba. Ta ɗaure da gefen ɗankwali ta ci gaba, ga shi kuwa tana da ciwon suga. Washegari hannun ya kumbura, zazzaɓi ya rufe ta. Ta roƙi Alhaji ya kai ta asibiti.

"Asibiti za su tambaye ki inda kika ji ciwon," in ji shi. "Daga nan sai su tambayi takardunki. Kina so a saka ki a jirgi?"

Ya kawo mata man zafi da ƙwayoyin ciwon kai, ya ce ta gasa da ruwan ɗumi. Ranar Litinin ma sai da ya sa ta fito shago, wai akwai odar biki.

Ousseina, wata 'yar Nijar mai shagon kitso a kusa, ita ta shigo sayen kifi ta ga Abibata jingine da firiji, fatar hannun ta yi baƙi ta ɗuri ruwa. Ba ta nemi izinin kowa ba, ta ja ta zuwa mota. A asibiti aka ce ƙwayar cuta ce ta ruwan teku, da an ƙara jinkiri da rai za a rasa. Aka yanke yatsu huɗu da rabin tafin, aka bar mata babban yatsa.

Tana kwance wata ma'aikaciyar lafiya ta zo da mai fassara a waya, tana son sanin daga ina kilam ɗin ya fito, don kada wasu su ci. Alhaji na tsaye a bakin gado da ledar lemo. Abibata ta dube shi, ta ce a kicin ta yanke, da wuƙar kanta. Babu wanda ya tambayi takardunta, har aka sallame ta.

Ta koma Sedgefield ta tarar an haɗa kayanta cikin jakunkuna a gareji. Alhaji ya ce ɗakin za a gyara wa baƙi, shago kuma ba wurin mai hannu ɗaya ba ne. Ta ce, "Yaya, ai na rufa maka asiri." Ya ce wane asiri? Ai ita da bakinta ta ce a kicin ne. A masallaci ya riƙa faɗa wa mutane cewa ya sha gargaɗinta ta sa safar hannu, taurin kai ya hana ta.

Ousseina ce ta ba ta katifa a falonta. Yanzu tana share gashi a shagon kitso, tana riƙe tsintsiya da hagu. Da aka kai ta wurin wani lauya, ya bincika ya ce ba a taɓa shigar da komai da sunanta ba tun rasuwar mijinta.

A bana aka yi wani taron suna a garin Summerfield, Ousseina ta matsa mata ta je. Alhaji Hardi ne ya yi addu'a, aka ambaci alherinsa ga marayu da gwauraye. Da aka kawo waake, shinkafa da wake irin na Gana, a babban faranti, mata suka kewaye shi. Abibata ta ɓoye dama cikin mayafi ta miƙa hagu. Wata Hajiya da ba ta san ta ba ta janye hannunta daga farantin, ta kira a kawo mata nata daban, tana cewa mutane sun zo Amurka sun watsar da tarbiyya. Waɗanda suka sani suka sunkuyar da kai. Abibata ta goge yatsunta, ta ce ta ƙoshi, ta fita ta tsaya jikin motar Ousseina har aka watse.